Jirgin Baolu a Kan Taɓo

Wata huɗu kacal Baolu ya yi a ƙauyen su matarsa, amma babu wanda bai ji cewa kakan kakansa matuƙin jirgin ruwa ne ba. Ya faɗa wa mai aski. Ya faɗa wa direban bas. Ya faɗa wa tsofaffin da ke karta a ƙofar ɗakin bautar Uwar Teku har sau uku, kuma duk faɗa sai jirgin ya ƙara tsawo. Shi kansa can saman duwatsu aka haife shi, cikin gonakin shayi, inda ruwa mafi faɗi shi ne kududdufin agwagin maƙwabta. In an tuna masa, sai ya daki ƙirji ya ce abin a jini yake.

Matarsa Shulan ba mai musu ba ce. Ba ma mai magana ba ce sosai. Tun tana yarinya, in baƙo ya shigo gida sai ta nemi abin wankewa. Abin da ta iya shi ne suyar ƙosan kawa, wato naman teku mai zama cikin ɓawo, kuma kullum da safe tana soya shi a ƙofar makarantar firamare, a bayan kekenta mai ƙafa uku. Keken na lantarki ne, shuɗi, murhu da kasko a baya, batir a ƙarƙashin kujera. Shekara uku ta yi tana ɗaurin ganyen teku a masana'anta kafin ta saye shi, tun ba ta san akwai wani Baolu a duniya ba. In hadari ya taso, keken take fara rufewa kafin ta kwashe shanya.

Wata rana suna cin abinci da mahaifinta, Tsoho Su, wanda ya yi shekara arba'in yana kamun kifi, sai Baolu ya ajiye tsinken cin abincinsa ya gyara zama.

"Baba, ka san abin da ya kashe ƙauyen nan? Inji. Kowa inji, fat-fat-fat. Mutanen birni masu zuwa ɗaukar hoto ba inji suke nema ba. Jirgin kakanni suke so, mai jan zane da sandunan gora, wanda iska ke turawa. Zan sayi ƙarami, mai amalankensa, in ja shi duk gaɓar da na ga dama. Bana ɗaya. Baɗi uku."

"Ka taɓa hawa?" in ji Tsoho Su.

"Na kalli bidiyo goma sha ɗaya."

"To. Miƙo min kifin can."

Shulan ta tambaya a hankali, da me za a ja amalanken. Baolu ya dube ta yana murmushi, irin murmushin da ta riga ta sani. Ta juya ta dubi inda kekenta yake.

A garin gaba aka samu jirgin, a ƙofar wani gidan abinci da ya rufe. Shekara biyar yana nan a kan amalanken ƙarfe mai taya biyu, ana ɗaukar hoto a jikinsa kafin a shiga cin ƙaguwa. Tsawonsa bai fi tabarma biyu da rabi ba. Mai shi, Maigida Ke, ya fito yana sakace.

Baolu ya zagaya jirgin hannu a baya. Ya ƙwanƙwasa nan, ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa can, kamar mai zaɓen kankana.

"Katakon nan ya sha wuya," ya ce.

"Ƙanena, da ganinka ka san jirgi."

"Gado ne."

Shulan ta leƙa ciki. Ruwan sama ya taru har rabin sangali, da 'ya'yan kwaɗi suna yawo. Hankalinta ya ɗan kwanta, don jirgin da bai bar ruwan sama ya zurare ba, ba zai bar na teku ya shigo ba. Ta buɗe baki ke nan Baolu shi ma ya leƙa.

"Af. Ka gani? Yana shan ruwa. Tun yana kan tudu yana shan ruwa, ina ga an kai shi teku? Sai ka rage min."

Maigida Ke ya cire tsinken daga bakinsa, ya dubi Baolu, ya dubi Shulan. Shulan ta dubi takalminta.

"Na rage ɗari biyu," ya ce, "don na ga ba a cutar ka."

Aka ƙulla amalanken a bayan keke. Maigida Ke ya ba da shawara a kwantar da jigon, wato doguwar sandar da ke riƙe zane, amma Baolu ya ce ba zai shiga da jirginsa gari a kwance kamar gawa ba. Shulan ta tuƙa, shi yana tsaye a cikin jirgi yana ɗaga wa mutane hannu. Keken yana nishi, ita tana jin nishin a ƙirjinta.

Sun shigo lungunsu lafiya har ƙofar Goggo ta Uku, ƙanwar Tsoho Su, wadda ta ɗaura igiyar shanya daga benenta zuwa benen da ke kallonsa. Jigo ya ɗauki igiyar gaba ɗaya. Kifi goma sha biyu da aka tsaga, da zanen gado, da dogon wandon sanyi mai furanni, duk suka bi jirgi.

Goggo ta leƙo ta taga. "Wane mara ido ne... Oho. Surukinmu na dutse. Ina za ka kai min wando?"

"Goggo, alama ce mai kyau. Jirgi bai taɓa ruwa ba ya kama kifi."

"Ya kama, har ya tsaga, ya sa gishiri. Sauko min da kayana kafin in sauko da kai."

Daga ranar Goggo ta ɗauki kujerarta ta roba ta dawo ƙofar gidan su Shulan da zama. Ta ce likita ya hana ta kallon talabijin da yawa.

Aikin farko ido ne. Jirgi ba ya shiga ruwa ba ido, kowa ya san wannan. Na masu kamun kifi ƙasa yake kallo don ya ga kifi, na fatake gaba yake kallo don ya ga hanya. Baolu ya ce nasa jirgin zai yi duka biyun, don haka ya zana na dama yana kallon ƙasa, na hagu yana kallon gaba. Fentin na hagu ya ɗan zuba.

Tsofaffin karta suka taso takanas suka zo gani.

"Wannan ya sha giya ne?"

"A'a, matarsa yake nema a kasuwa."

"Har ya fara kuka. Ya ji wanda zai tuƙa shi."

Baolu ya ce masu hassada ba su da magani, ya ɗauko jan ƙyalle ya rufe idanun, kamar yadda ake yi har ranar saukarwa. Goggo ta ce wannan ne abu na farko da ya yi daidai.

Aiki na biyu gwajin zane. Ja ne, an dinka masa sandunan gora shida a gicciye, yana naɗewa kamar asabari, kuma kowace sanda da tata igiya. Baolu ya kwance igiyoyin duka don ya ga yadda suke, ya mayar da su yadda ya ga ya fi. Ranar akwai iska. Shulan tana wanke kawa a tsakar gida, ta ga bai sa dutse a tayar amalanke ba.

"Baolu, tayar..."

"Ki bari, ina lissafin iska."

Ya ja igiya. Zane ya tashi, gora bayan gora, kyakkyawa, har Shulan ta tsaya da wanki. Iska ta cika shi. Amalanke ya motsa. Lungun nasu gangare ne.

Haka jirgin ya yi tafiyarsa ta farko, daga ƙofar gida zuwa shagon mai tofu, wato awara, Baolu a ciki igiya ta naɗe masa ƙafa ɗaya, kaji suna watsewa, Goggo tana biye da kujerarta a hannu don kada ta rasa ƙarshe. Tulin buhunan waken suya ne ya tsayar da shi. Mai tofu ta fito da ludayi.

"Maigidan jirgi, an iso lafiya? Yaya teku?"

Baolu ya kwance ƙafarsa, ya share gumi. "Kun ga gudu? Kuma fa a kan ƙasa ke nan."

Saura zaɓen rana. Ya sauko da kalandar bango, mai yagewa kullum, wadda ke faɗin ranar da ta dace da aure, da aski, da haƙa rijiya. Ya yi kwana biyu yana lasar yatsa yana buɗawa. A rana ta uku ya shigo kicin yana haske.

"Uku ga wata mai kamawa. Ta dace da saukar da jirgi, an rubuta ƙarara. Lokacin dodo, daga bakwai zuwa tara na safe. Babu irin wannan rana sai bayan wata biyar."

Shulan ta ajiye wuƙa. A ƙauyen ko yaron da bai iya ɗaura takalmi ba ya san uku ga wata da safe ruwa yake janyewa mafi nisa.

"Babu ruwa a lokacin," ta ce.

"Me?"

"Uku ga wata. Da safe babu ruwa."

Ya yi dariya har da riƙe ƙofa. "Shulan, teku ce fa, ba rijiya ba. Kin ɗauka ban bincika ba? Yau da kaina na je, da agogo a hannu. Bakwai da rabi daidai, ruwa har yana lasar gangaren siminti."

"Yau ashirin da biyar ne. Kullum yana..."

"Yana me? Teku tana da kalanda ne? Ki bar wa masu jini abin jini."

Da yamma ta je wurin mahaifinta, yana gyaran raga. Ta ce, "Baba, ka faɗa masa."

"Ya tambaye ni?"

"A'a."

"To."

"Da kekena zai ja."

Tsoho Su ya ɗaga kai. "Iyakarsa bakin gangare. Zai ga taɓo, ya ji kunya, ya dawo gida. Kunya ba ta kashe keke." Ya koma kan ragarsa.

Baolu ya gayyaci kowa. Kuma abin mamaki, a ƙauyen da ba a iya ɓoye ko cikin wata ɗaya, babu mutum guda da ya ce masa uffan. Duk wanda ya gaya wa rana da lokaci sai ya ce, "Uku ga wata? Da safe? Ai ko da rarrafe zan zo."

Ranar ta zo. Baolu ya sa farin wando, da farar hula mai baki da ya saya ta waya, da sabon takalmin roba. Shulan ta tuƙa keken a hankali har saman gangaren, ta taka birki, ta ja na hannu. Katangar bakin teku cike take da mutane. Wasu sun zo da kujeru, wasu da 'ya'yan kabewa na ɓantara. An jera kan alade da lemo da giya a tebur.

Baolu ya sauko daga jirgi, ya juya ya fuskanci teku.

Taɓo ne, baƙi, sumul, yana ƙyalli har inda ido ya ƙare. Sandunan masu kiwon kawa a tsaye tsirara. Ƙananan ƙaguwa suna harkokinsu. Can nesa, kusa da sama, akwai wani siririn farin zare. Ruwan ke nan.

Ba wanda ya yi dariya. Sai ƙarar ɓantarar 'ya'yan kabewa.

"Wa ya..." Baolu ya fara, ya fasa.

"Teku ta je unguwa," in ji Goggo. "Ta ce a gaishe ka."

Nan katanga ta fashe da dariya. Tsoho Su ya bari aka lafa, sannan ya ce, "Suruki, zo mu ci kan aladen nan. Da rana ruwa zai zo har ƙafarka."

"Da rana lokacin dodo ya wuce, Baba."

"Dodon ma yana jiran ruwa."

Kunnuwan Baolu suka yi ja. Ya hango hanyar ɓawon kawa, wata siririyar hanya mai tauri da masu kiwo suka shimfiɗa a kan taɓo, tana lanƙwasa ta dama kafin ta nufi ruwa. Ya gyara hula.

"Kakan kakana bai taɓa jiran ruwa ba. A kunna albarushi."

Wani ya miƙa wa Shulan farantin lemo ta riƙe. Kafin ta samu inda za ta ajiye, Baolu ya haye kujerar keke. Makullin yana jiki.

"Baolu, batir," ta ce. "Ruwan gishiri..."

Igiyar albarushin biki ta kama, tatatata, hayaƙi ya tashi, jar takarda ta cika iska. Da hayaƙin ya washe, keke da jirgi sun sauka gangare, suna kan hanyar ɓawo, Baolu yana ɗaga hula.

Ya yi tafiya mai ɗan nisa lafiya, har wasu suka fara cewa kada fa ɗan dutsen nan ya ba su kunya. Sai ya iso lanƙwasar. Hanya ta yi dama, ruwa kuwa yana gaba sak. Daga katanga aka ga ya tsaya, ya duba agogo, ya dubi hanya, ya dubi ruwa.

"Kada ka yi," in ji Shulan, a hankali, lemo a hannu.

Ya yi. Keken ya shiga taɓo taku goma da ƙarfinsa, sannan ya zauna. Baolu ya murɗa, tayoyi suka yi ta juyi suna feshin baƙin taɓo, keke ya ƙara zama. Ya diro don ya tura. Taɓo ya karɓe shi har cinya. Ya ja ƙafar dama, ta hagu ta nutse. Ya daɗe yana wannan rawa, mutane suna ba shi shawara daga nesa, kowa da tasa, ba wadda yake ji.

Tsoho Su ba ya cikin masu dariya yanzu. Ya dubi farin zaren can, wanda ya zama igiya. Ya zari turaren tsinke ɗaya daga tebur, ya kunna, ya soke a tsagar katanga.

"Ruwa ya juyo," ya ce wa 'yarsa. "Kafin wannan ya cinye, ruwa yana kan kujerar kekenki. Na yi kuskure, na ɗauka mijinki yana da kunya."

Shulan ta ajiye farantin a ƙasa. Ta cire takalmi, ta naɗe wando. A gindin katanga akwai allunan taɓo na mata masu tsintar kawa, waɗanda ake durƙusawa a kai da gwiwa ɗaya ana tunkuɗawa da ɗaya ƙafar. Ta ɗauki ɗaya. Ba ta hau ba tun tana 'yar sha biyar, amma gwiwarta ba ta manta ba.

Goggo ta miƙa wa na kusa da ita kujera. "Riƙe min, kada kowa ya zauna." Ta kira ƙawayenta biyu, su ma suka ɗauki alluna. Mata huɗu suka tsaga taɓo kamar agwagi.

"Yawwa, Shulan," in ji Baolu da ta iso. "Ku kama amalanken ta baya, ni zan ba da umarni. Saura minti ashirin lokacin dodo ya..."

Ta wuce shi. Ta durƙusa, ta zare ƙarfen da ya haɗa amalanke da keke, ta jefa cikin jirgi. Ta duba ƙarƙashin kujera. Taɓo bai kai batir ba, saura faɗin hannu. Suka gwada ɗagawa su huɗu, keke ya taso, ƙafafunsu suka nutse, keke ya koma.

"Sai an samu abin takawa," in ji Goggo tana haki. "Katako, ko ƙofa."

Shulan ta ɗaga kai ta dubi jirgi. Zanen yana naɗe a gindin jigo, gora shida a jere. Ta hau, ta zaro wuƙar ɓare kawa daga aljihun gabanta.

"Me za ki yi? Shulan. Shulan, wannan igiyar kwana biyu na yi ina... Ke, ba a taɓa zanen jirgi ranar saukarwa, mugun abu ne."

"A wane bidiyo?" in ji Goggo.

Igiya ta farko ta tsinke, ta biyu, ta uku. Suka sauko da zanen su huɗu, suka baje shi a kan taɓo a bayan keke, ta gefen amalanke, ja a kan baƙi, sandunan gora a gicciye kamar tsani. Goggo ta taka. Bai nutse ba.

"Kai, ashe abin yana da amfani."

"Goggo, jirgina ne fa kuke takawa."

"Yi shiru, turke. Tsaya inda aka kafa ka."

Suka ɗaga tayoyin baya suka ɗora a kan gorar farko. Shulan ta hau, ta sa giyar baya, ta murɗa kaɗan-kaɗan, matan suna turawa. Gora ta yi ƙara, ɗaya ta fashe, keke ya hau. Da suka kai ƙarshen zanen sai suka tallafe keken da alluna, suka jawo zanen, suka sake shimfiɗawa. A shimfiɗa ta biyu ruwan farko ya iso, siriri, mai kumfa, ya shafi idon sawun Shulan ya wuce. A ta uku tayar baya ta ciji ɓawon kawa. Daga katanga aka ji ihu.

Sai a lokacin suka tuna da Baolu. Ruwa ya kai masa ƙugu. Suka zura masa allo a ƙarƙashin hammata, biyu nan biyu can, suka ja. Taɓo ya sake shi da wata irin ƙara mara kunya, amma ya riƙe takalman, ya riƙe farin wandon. Baolu ya fito da gajeren wando ja wur, don bana a lissafinsu shekarar haihuwarsa ce ta zagayo, wadda ake sa ja don tsari daga sharri, uwarsa ta aiko masa da guda shida.

Ƙawar Goggo ta ce, "To, aƙalla ta nan ya tsare kansa."

Baolu ya dubi katanga mai cike da mutane, ya dubi ƙafafunsa. Ya yi tsalle ya faɗa cikin jirgi.

"Matuƙi ba ya barin jirginsa," ya ce daga ciki.

Shulan ba ta tsaya ba. Ta juya keken a kan hanyar ɓawo, matan suka ɗora alluna da zane suka haye baya, ta murɗa, ruwa yana bin tayoyinsu har gindin gangare. Da suka hau siminti, turaren mahaifinta saura ɗan guntu. Ta sauka, ta ɗaga kujera, ta shafa batir da tafin hannu. A bushe. Ta zauna a ƙasa a gefen taya.

A can kuwa ruwa ya kewaye jirgi, amma jirgi bai tashi ba. Ruwa yana hawa jikinsa, shi yana zaune daram.

Tsoho Su ya haɗa hannu a baki. "Suruki, ka kwance shi daga amalanke."

"Me?"

Katanga gaba ɗaya ta amsa, har da yara: "Kwance igiya."

Aka ga jan wando ya duƙa ta nan, ya duƙa ta can. Jirgi ya yi tsalle kamar an tsikare shi, Baolu ya faɗi zaune, hula ta tafi. Ba zane, ba abin tuƙi, ƙyallen ido ma bai tuna ya cire ba. Ruwa mai shigowa ya ɗauke shi, ya juya shi sau biyu, ya bi da shi tsakanin sandunan kawa yana gaisawa da kowace, sannan ya kamo hanyar gari da shi, da baya.

Tafiyar ta ɗauki lokaci, jama'a kuma ba su karya ba. Wani ya ce, 'yar Su, tunda ga murhu ga kasko. Shulan ta wanke hannu da ƙafa a famfon katanga, ta kunna wuta. Ƙullun yana cikin bokiti tun asuba. Kafin jirgi ya iso, rabin ƙauyen na cin ƙosai suna kallo, tsofaffin karta suna gardama ko ta gangare zai shigo ko ta magudanar kasuwa.

Ta gangare ya shigo. Gindin jirgin ya daki siminti a hankali, daidai inda keke ya tsaya da safe. Mai tofu ta jefa masa tawul. Baolu ya ɗaura, ya fito, taɓo har wuya, ya tsaya ya dubi jama'a.

"Kun dai gani da idonku," ya ce. "Ko ɗigo bai sha ba. Na faɗa muku na san jirgi. Kuma wa ya taɓa shigowa da jirgi gaɓar nan ba zane ba inji?"

"Gawar alade ta taɓa yi, shekarar ambaliya," in ji Goggo, bakinta cike.

Ya yi kamar bai ji ba. Ya taka zuwa wurin matarsa, yana barin baƙin sawu a siminti, ya rage murya, amma ba sosai ba, don bai iya ba.

"Shulan, amalanken yana can. Da yamma in ruwa ya janye, ara min keken in jawo shi. Yanzu na gane hanyar."

Ta juya ƙosai ɗaya, ta juya na biyu. Mutanen da ke kusa suka daina tauna.

"A'a," ta ce.

"Minti goma kawai..."

"A'a."

Daga bayan layi wani tsoho mai nauyin kunne ya tambaya me ta ce. Aka miƙa masa amsar daga baki zuwa baki har ta isa. Tsoho Su ya sunkuyar da kai yana ɓare lemo, kafaɗunsa suna motsi.

Shulan ta zare makullin daga jikin keke, ta sa a aljihun gaba tare da wuƙar kawa. Sannan ta tsamo ƙosai mafi girma a kaskon, ta naɗe a takarda, ta miƙa wa mijinta.

"Ci," ta ce. "Da zafi. Ka matsa kaɗan, kana ɗiga a kan taya."